Amsa ga mai tambaya kan ba da jini kafin haihuwar maiɗakinsa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce a wurin awon ciki an nemi ka ba da leda ɗaya ta jini a ajiye kafin maiɗakinka ta haihu, kana fargabar kada hakan ya rage maka ƙarfi, sannan ka ƙara da cewa ai ka riga ka san jininka, AA ne. Na daɗe ina ba da jini, kuma ni na tsaya a kan ƙanwata lokacin haihuwarta ta fari, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani da abin da ma'aikatan lafiya suka fahimtar da ni.

Wannan AA da ka ambata sakamakon gwajin jinotaif ne, wanda ake yi kafin aure domin kauce wa haihuwar yaro mai sikila, kuma ba shi ake dubawa ba idan za a yi wa mutum ƙarin jini. Abin da ake dubawa shi ne rukunin jini, wato A, B, AB ko O, tsarin da binciken likitan nan ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya aza harsashinsa a 1901. Kowane rukuni kuma yana tafe da alamar Rh, ko dai fozitif ko negatif. Mutum zai iya kasancewa AA a jinotaif, rukuninsa kuma B fozitif. Idan aka ƙara wa majiyyaci jinin da bai dace da nasa ba, jikinsa kan farfasa baƙon jinin, abin da kan lalata ƙoda har ya kai ga rasa rai. Shi ya sa ko an san rukuninka, sai an haɗa jininka da na majiyyacin a ɗakin gwaji an tabbatar sun karɓi juna.

Abin da na fi so ka ba muhimmanci shi ne alamar Rh ta maiɗakinka, domin nan ne mutane da yawa ke shiga matsala ba su sani ba. Idan uwa negatif ce, jaririn kuma ya gado fozitif daga uba, jinin jaririn kan ɗan gauraya da nata a lokacin haihuwa ko ɓari, sai jikinta ya ƙera garkuwar da za ta riƙa yaƙar irin wannan jini. Yawanci cikin fari kan tsira lafiya, cikin da ke biye ne ke fuskantar haɗari: jariri ya zo da ƙarancin jini da shawara mai tsanani, wani lokaci ma ya mutu a ciki. Ina kyautata zaton wasu daga cikin matan da ake cewa suna wabi wannan ne ke damunsu, alhali akwai rigakafi. Ƙanwata O negatif ce, kuma da yake an gano haka tun a awo, an yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Allurar tana da tsada kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba, don haka ka duba katin awon maiɗakinka yau, idan negatif ce ka fara tanadi tun yanzu.

Batun raguwar ƙarfi kuwa, hankalinka ya kwanta. Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5, abin da ake ɗiba kuma kimanin mililita 450 ne. Ruwan jinin kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Kafin a taɓa ka za a auna nauyinka, wanda ake so ya kai kilo 50, a duba bugun jininka da yawansa, kuma idan bai isa ba su da kansu za su ce ka koma gida. Ka ci abinci sosai, ka sha ruwa, kada ka je kana azumi, bayan an gama kuma ka zauna ka huta, ka bar aikin ƙarfi sai washegari. Ni dai abin da na taɓa ji bai wuce ɗan jiri na lokaci kaɗan ba. Namiji kan sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4. Jinin da ka bayar za a gwada shi a kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ka ga kai ma ka san matsayin lafiyarka.

Kada ka damu idan rukuninku bai zo ɗaya da nata ba, domin za a ajiye naka a ma'ajiyar jini a ba wani, ita kuma a ba ta wanda ya dace da ita idan buƙata ta taso. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma yakan zo ne ba sallama, sau da yawa cikin dare, lokacin da dangi ke ta buga waya suna neman mai bayarwa. A irin wannan hali ne ake faɗawa hannun masu sayar da jini a bakin asibiti, waɗanda wasunsu kan bayar fiye da kima saboda kuɗi, su kuma ɓoye tarihin lafiyarsu. Ban yarda da wannan hanya ba ko kaɗan.

Da yake jinin da aka ajiye ba ya wuce kwana 35 zuwa 42, ka tambayi ma'aikatan lokacin da ya fi dacewa ka bayar, ka kuma tafi da 'yan'uwanta biyu ko uku a gwada rukuninsu, a rubuta lambobinsu a bayan katin awo. Allah ya sauke ta lafiya.