Ƙwai, Hanji da Binciken Ɓeraye: Amsoshi ga Masu Kiwo da Manoma

Wani Alhaji mai kiwon kajin ƙwai a Daura ya rubuto cewa wani saƙo yana yawo a WhatsApp wai likitocin Amurka sun gano ƙwai da jan nama suna toshe jijiyoyin jini, har wasu masu saye a wurinsa sun fara ja da baya. Yana tambaya ko ya rage kajinsa.

Alhaji, binciken yana nan, amma an ƙara masa gishiri. A shekarar 2011 tawagar Dakta Stanley Hazen ta asibitin Cleveland da ke Amurka ta wallafa sakamakon a mujallar Nature. Sun ciyar da ɓeraye abincin da aka ƙara wa kolin, wani sinadari da ke da yawa a kwanduwar ƙwai da hanta, sai suka ga bakteriyar da ke zaune a hanji ta mayar da shi wani abu da ake kira TMA, hantar ɓeran kuma ta juya shi zuwa TMAO, wanda ya hanzarta taruwar kitse a bangon jijiyoyin jini. Da aka ba ɓerayen maganin kashe bakteriya, sai kolin ɗin ya daina yin wannan ɓarna. A 2013 suka nuna irin haka game da kanitin, wani sinadari da ke cikin jan nama.

Abin da saƙon bai faɗa ba shi ne, waɗannan ɓeraye ba irin na rumbu ba ne; an cire musu wata ƙwayar gado ne da gangan domin jijiyoyinsu su toshe da wuri, kuma kolin zalla aka zuba musu a abinci kullum, wanda ya bambanta ƙwarai da yaron da ya ci dafaffen ƙwai ɗaya kafin ya tafi makaranta. A ganina, a ƙasarmu inda ƙarancin abinci mai gina jiki ke tsumburar da yara, hana su ƙwai saboda wannan labari kuskure ne babba. Kada ka rage kajinka, kuma kada ka cire kolin daga haɗin abincinsu, domin rashinsa yana karkatar da ƙafafun 'yan tsaki, yana kuma tara wa kaza kitse a hanta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa, likitansa ne zai ƙayyade masa abin da zai ci.

Wata Hajiya daga Ƙofar Marusa a Katsina ta tambaya ko ta riƙa zuba wa kajinta maganin kashe bakteriya a ruwa, tunda ya kare ɓerayen.

A'a, Hajiya. Masu binciken sun yi amfani da shi ne domin su tabbatar da hannun bakteriya a lamarin kawai. Yawan ba da shi yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa, waɗanda suka tsira kuma su daina jin magani. Idan likitan dabbobi ya rubuta miki, ki kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin kafin ki sayar da ƙwai ko nama.

Wani manomin gero da wake daga Mashi ya ce shi ina nasa rabon a wannan zance.

Malam, naka rabon shi ne mafi daɗi. A 2018 masu bincike a jami'ar Wisconsin sun nuna cewa ɓerayen da ke ɗauke da wata bakteriya mai suna Roseburia sun sami sauƙin toshewar jijiya, amma fa sai an ba su abinci mai yawan harza na tsirrai, wanda bakteriyar ke narkarwa ta samar da sinadarin da ke ƙarfafa bangon hanji. Irin wannan harza tana cikin dusar gero da dawa, da wake, da kuka, da zogale. Saboda haka a gida a daina matsa wa hatsi surfe har ya yi fari tas, domin rabin alherin yana tafiya wurin awaki tare da dusa. Ka ci gaba da haɗa gero da wake a gona ɗaya, kuma idan kaka ta yi, ka ware wa iyali wakensu kafin ka kai saura kasuwa. Ganyen zogale da na kuka a shanya su a inuwa, a kan tabarma mai tsabta.