Wayar balans da hedifon: me take ƙarawa, kuma ina haɗarin yake?

Tambaya: Ina da ƙaramin situdiyo a Mabera, Sakkwato, inda muke naɗar wa'azi da tallace-tallace. Amfilifayar da na saya tana da ramin hedifon biyu, na milimita 3.5 da na 4.4 mai rubutun balans. In na sa adafta na jona hedifon ɗina a na 4.4, sauti zai fi kyau? Zai kuma kashe ƙugin da nake ji in an tada janareto?

Amsa: Malam, dakata da maganar adafta tukuna, don nan ɓarnar take. Filogin 3.5 wayoyi uku gare shi: hagu, dama, da wayar dawowa guda da kunnuwan biyu suke tarayya a kai. Balans kuwa huɗu ne, kowane kunne da tafiyarsa da dawowarsa, kuma dukkansu ɗauke suke da wuta. Adaftar da ke shigar da filogin 3.5 cikin ramin 4.4 tana haɗe dawowar hagu da ta dama wuri guda. Amfilifaya za ta yi zafi, sauti ya gurɓace, wani lokacin ma ta ƙone. Akasin haka ba laifi: hedifon mai wayar balans yana shiga ramin 3.5 da adafta lafiya lau.

Sai ka duba hedifon ɗin kansa. In wayarsa tana cirewa kuma tana shiga kowane kunne daban, kamar Sennheiser HD 600, canjin waya kawai kake bukata. Wanda waya ke shiga ta gefe ɗaya, yawanci uku ce a ciki, sai mai gyara ya buɗe ya sake jone-jonen. Kafin ka jona sabuwar waya, ɗora mita, wato na'urar da masu gyara ke gwada haɗuwar wayoyi da ita, a kan filogin. A 4.4, daga tsini zuwa baya, jerin shi ne tafiyar hagu, dawowar hagu, tafiyar dama, dawowar dama. In mita ta yi ƙara tsakanin na biyu da na huɗu, mayar wa mai shago kayansa.

Ribar balans ita ce ƙarfi. Yawanci ramin balans yana ninka boltej, kusan ƙarin desibel 6 ke nan a ma'aunin ƙarar sauti, abin da ke taimaka wa hedifon mai nauyin ja irin na om 300 (om shi ne ma'aunin nauyin jan). Ga 'yan ƙananan na cikin kunne kuwa, sau da yawa shuu kawai za ka ƙara ji a bayan sauti. Mutane kan ce balans ya fi daɗi, alhali ƙara ce ta ƙaru. Daidaita ƙarar ramukan biyu kafin ka yanke hukunci.

Ƙugin janareto ba a wayar hedifon yake shiga ba. Nemi shi a dogayen wayoyin da ke tsakanin makirfo, miksa da amfilifaya. Can ne XLR, wato filogin balans mai fil uku irin na makirfo, yake aikinsa. Ka kuma jona na'urorin duka a soket ɗaya mai ingantacciyar wayar ƙasa.