Buga waya, hasashe da hadari

Daga Argungu: Malam, mi as sa aka cewa "buga waya" alhali ba a bugun komi?

Yanzu ne ba a bugu. Waya tun asali zaren ƙarfe ce da Turawa suka ja bisa turaku, wato wayar tangaraho. Ma'aikacin gidan waya kan zauna gaban ɗan maɓalli yana ƙwanƙwasawa, gajeren bugu da dogo, kowane harafi da nasa, bisa tsarin Morse, mutumin da ya aika saƙo daga Washintan zuwa Baltimo a 1844. Bugun gaske ne ke nan. Zamanin Gwamna Lugga wayar ta haɗa Jebba da Lakwaja da Zungeru, inda ya mai da hedikwatarsa a 1902, daga baya ta kuma bi titin jirgin ƙasa da ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Turakun sun tafi, bugun ya zauna. Masu cewa "na yi kolin ɗinka", ban san abin da "buga" ta yi musu ba.

Tun da an taɓo ta, wannan wayar ce ta haifi hasashen yanayi na zamani. Kafin ta, guguwa kan riga labarinta isa. A Ingila, bayan guguwar 1859 ta farfasa jirgin ruwa Royal Charter, wani hafsan sojan ruwa mai suna FitzRoy ya riƙa tattara rahoton iska daga tashoshin bakin teku ta waya, a 1861 ya fara fitar da hasashe a jarida. Ya sha ba'a kuwa duk ranar da ya kuskure.

Daga Gusau: hasashe da duba ɗaya ne?

A'a. Mai hasashe alama yake karantawa, irin ta manomin da ke lissafin taurarin damina kafin ya yi shuka. Mai duba gaibu yake da'awa.

Daga Yawuri: mece ce ma'anar "ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi"?

Kada ka ɓata abin da ke hannunka don dogaro da wanda bai iso ba, domin hadari kan haɗu iska ta watsa shi. Sai dai ka rubuto mini "haɗari", ɗan'uwa. Hadari na sama ne, haɗari na hanyar mota. Masu rubuta labarai a intanet sun mai da su abu guda, har ka ga an rubuta "hadari ya ci mutane a hanyar Jega", ka rasa ko tsawa ce ko tirela. A riƙa sa wa ɗ ƙugiyarta.