Saƙonnin zauren WhatsApp: goge suna ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina rubuta kundin kammala digiri kan yadda masu ciwon sikila ke ƙarfafa wa juna gwiwa a wani zauren WhatsApp da nake ciki. Idan na goge sunaye, zan iya saka saƙonninsu a aikina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya goge suna bai isa ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi damuna domin masu kyakkyawar niyya ne ke faɗawa cikinsa.

A shekarar 2006 kamfanin AOL na Amurka ya saki bayanan abubuwan da mutane sama da 650,000 suka nema a intanet, ya maye gurbin sunayensu da lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa har gidanta, ta hanyar haɗa abubuwan da ta riƙa nema kawai. To ina ga zaure mai mutum ɗari biyu da suka san juna? Wadda ta ce aurenta ya mutu bayan haihuwa ta biyu saboda ciwon, ko babu suna 'yan zauren sun san ta, ƙila ma danginta su gane.

Kada ki manta kuma, a matsayin 'yar'uwa suka karɓe ki. Da sun san littafi za ki rubuta, wasu da ba su buɗe baki ba. Don haka ki fara da shugabannin zauren, amma amincewarsu ba ta ɗauke ta sauran ba. Ki fito fili ki faɗi ko ke wace ce, me kike bincike, ina zai ƙare, sannan ki nemi izinin duk wanda za ki ɗauko maganarsa. Wanda ya ce a'a, ko ya sauya ra'ayi daga baya, ki cire nasa ba tare da ja-in-ja ba. Idan jami'arku na da kwamitin ɗa'ar bincike, ki kai masa tsarinki tun kafin ki tattara komai.

Ta ɓangaren waya: idan kika fitar da hirar zaure zuwa fayil, lambobin wayar waɗanda ba ki ajiye sunansu ba suna fitowa a ciki. Ki goge su, ki kulle fayil ɗin da kalmar sirri, kada ki tura wa kowa ɗanyensa, har mai duba aikinki.

Tambaya: Idan shafin a buɗe yake, kowa na iya karantawa fa?

Amsa: Hujjar da wasu masu bincike 'yan ƙasar Denmak suka bayar ke nan a 2016, da suka wallafa bayanan mutum kusan 70,000 na dandalin neman masoya na OkCupid. Suka sha suka, aka kuma sauke bayanan. A buɗaɗɗen shafi ma hatsarin ya fi, domin jimlar da ka kwafa kalma da kalma ana iya nemo mai ita da Google. Ka sake faɗar maganar da naka kalmomin, ka kuma bayyana a aikin cewa haka ka yi.