Tambaya da Amsa: Da riba za mu jawo jama'a ko da tausayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin wata ƙungiyar sa-kai mai wayar da kan jama'a game da kare muhalli, kuma kanmu ya rabu. Wasu na ganin mu riƙa nuna wa mutane kuɗin da za su tsira da shi idan sun rage ɓarnar wuta da ruwa, wasu kuma na ganin mu yi musu maganar haƙƙin na baya da na sauran halittu. Wanne ya fi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ina tare da ɓangare na biyu, amma da sharaɗi.

A shekarar 1992 masanin halayyar ɗan Adam Shalom Schwartz ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi a ƙasashe 20, inda ya kasa abubuwan da mutane ke darajawa gida goma. Ya lura cewa son mulki da ɗaukakar kai suna gefe guda, tausayi da son adalci ga kowa suna ɗaya gefen, kuma idan ɗaya ya yi nauyi a zuciya, sai ɗayan ya yi sauƙi. Kowannenmu yana ɗauke da duka biyun, saboda haka duk saƙon da kuka fitar, akwai gefen da yake tasarwa. Kan wannan ne Tom Crompton na ƙungiyar kare muhalli ta WWF a Birtaniya ya gargaɗi masu fafutuka a 2010, cewa yawan kafa hujja da riba yana iya kawo nasarar yau, ya kuma raunana tausayin da za a nema gobe.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wasu gidajen renon yara a birnin Haifa na ƙasar Isra'ila, wanda aka wallafa bincikensa a 2000. An sanya wa iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu tara, sai makarar ta ƙaru, domin abin da a da suke jin kunyarsa ya koma abin da ake biya a wuce. Da aka janye tarar ma, kunyar ba ta dawo ba. Haka wanda kuka shawo kansa da lissafin kuɗi kaɗai, ranar da ɓarna ta fi masa araha, ba ku da sauran abin faɗa masa.

Sharaɗin kuwa shi ne kada ku raina buƙatar mai ƙaramin ƙarfi. Lokacin da Wangari Maathai ta kafa ƙungiyarta ta dashen itatuwa a Kenya a 1977, da koken matan karkara na ƙarancin itacen girki da ruwa ta fara, har ana ba su ɗan ihsani a kan dashen da ya rayu, amma a tarukanta mutuncinsu da haƙƙinsu a kan ƙasarsu ake tattaunawa. Ku ma ku ambaci sauƙin da za a samu, sai dai ku fara da tambayar mutane wa suke so ya gaji ruwan da suke sha.