Ta wace hanya ƙungiyarmu za ta karɓi gudummawa ta shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Wani ɗalibi ɗan garin ya buɗe mana shafin intanet don neman gudummawar haƙa rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwan Islamiyya. Muna da 'yan gari a Kano da Legas da Fatakwal, da wasu ƙalilan a Saudiyya da Ingila. Wani ya ce mu sa PayPal, wani ya ce Paystack, wani kuma ya ce lambar asusun ma'aji kawai ta wadatar. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya ba da ladan wannan aiki.

Zan fara da shawara ta uku, don ita ce ta fi sauƙi a ido, kuma ita ce ta fi raba kan jama'a. Kada kuɗin gari ya shiga asusun mutum ɗaya, ko da kuwa limamin gari ne ma'ajin. Ba zargi ba ne. Ranar da kuɗin takinsa ya cakuɗe da na rijiya, ko ta Allah ta kasance a kansa magada suka shigo maganar, babu takardar da za ta raba muku gardama. Mai bayarwa daga Fatakwal ma, in ya ga sunan mutum ya fito maimakon sunan ƙungiya, jikinsa zai yi sanyi.

Saboda haka aikin farko ba na ɗalibin nan ba ne, naku ne ku dattawa. Ku yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada. Daga nan ku nemi takardar SCUML, sashen sa ido kan halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna na tambayar ta kafin su buɗe wa ƙungiyar sa-kai asusu. Za a buƙaci BVN da NIN na amintattun. Ku sharɗanta cewa sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi. In jama'arku na ƙyamar kuɗin ruwa, ga Jaiz da TAJBank. Waɗannan takardun dai su ne kamfanonin karɓar kuɗi za su nema daga gare ku, don haka ba asarar lokaci kuka yi ba.

PayPal kuwa, ku ajiye shi gefe. Ya shigo Najeriya a 2014 da damar aika kuɗi kawai ban da karɓa, aka shafe shekaru a haka, shi ya sa matasa suka riƙa buɗe asusu da adireshin wata ƙasa. Duk wanda ya ce zai yi muku wannan dabarar ku ƙi, don in aka gano aka daskarar da kuɗin, ba ku da bakin magana. GoFundMe ma, shafin neman tallafi na ƙasar waje, ba ya barin a buɗe neman tallafi daga Najeriya kai tsaye.

Abin da ya dace da ku shi ne kamfani na cikin gida mai lasisin Babban Bankin Najeriya: Paystack, ko Flutterwave, ko Monnify na Moniepoint, ko Interswitch mai katin Verve. Ni da za a ce in zaɓar wa ƙungiya irin taku, Paystack zan ɗauka, wanda aka kafa a Legas a 2015, Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Dalilina ba girman suna ba ne. Yana ba ka shafin biya da za ka haɗa da kanka ba sai ka iya rubuta manhaja ba, ka manna adireshinsa a shafinku, ka kuma watsa shi a zauren WhatsApp na 'yan gari, inda a gaskiya yawancin kuɗin zai fito. Mai bayarwa zai zaɓi kati, ko tura kuɗi daga bankinsa, ko lambobin USSD, irin waɗanda ake dannawa da alamar tauraro (*), in ƙaramar waya ce a hannunsa. Kuɗin kan faɗo asusunku washegari in ranar aiki ce.

Sai batun abin da ake cirewa. A farashin da Paystack ya daɗe yana wallafawa, biyan cikin gida kashi 1.5 cikin 100 ne da ƙarin naira 100. Ana yafe naira 100 ɗin in kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Wato wanda ya ba da 2,000 za a cire 30, mai 5,000 a cire 175, Alhajin da ya ba da 500,000 kuma 2,000 kacal. Katin ƙasar waje ya fi tsada, kashi 3.9 da naira 100, kuma sai kun nemi a buɗe muku wannan ƙofar. Farashi na sauyawa, ku duba shafin kowane kamfani ranar da za ku yanke shawara. In akwai masu turo zakka ta nan, ku tuntuɓi malamanku a kan wanda zai ɗauki nauyin cajin, tun da ana iya saita shi ya hau kan mai bayarwa.

Kada kuma maɓallin biya ya sa ku ɓoye lambar asusun ƙungiya. Ku rubuta ta ɓaro-ɓaro a saman shafin. Direban da ke Legas da ɗan tireda a Kantin Kwari wajen mai POS za su je su tura, haka ɗan ci-ranin Saudiyya yakan aiko ta hannun ɗan'uwansa a gida. Na Ingila ne zai fi amfani da kati. Illar turawa kai tsaye ita ce ba ka sanin wane ne ya turo, ko don rijiya ce ko don aji, sai an nuna rasit. Kuma hoton rasit ba shaida ba ne. Abin da ya bayyana a bayanan asusu shi ne kuɗi.

Ga kashedi biyu ga ɗalibin. Kada ya taɓa yin gurbin da mutane za su rubuta lambar katinsu a shafinku. Wannan aikin kamfanin ne, shi ke da matakan tsaron da ake buƙata. Sannan imel da lambar wayar da za a yi rajista da su su zama na ƙungiya, ba nasa ba, don gobe zai tafi bautar ƙasa da layinsa. In kuma wata baƙuwar gudummawa mai tsoka ta shigo ta katin waje, sai ga saƙo wai kuskure ne a mayar da rabi zuwa wani asusu daban, kada ku tura. Katin sata ne galibi, mai shi zai kai ƙara banki a janye kuɗin duka daga gare ku. In mayarwa ta kama, ku mayar ta cikin manhajar kamfanin, ta koma katin da ta fito.

Kafin ku sanar a masallacin Juma'a, ku gwada da naira 500 daga waya mai raunin sabis a cikin garin, ku jira har ku ga ta shiga asusu.