Tambaya da Amsa: Abokaina sun gayyace ni hawan dutsen Ben Nevis a watan Disamba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Kano ne, ina karatun digiri na biyu a birnin Gilasgo na yankin Sikotlan a Birtaniya, kuma ban daɗe da zuwa ba. Abokan karatuna kan fita duk ƙarshen mako, wani lokaci su hau duwatsu, wani lokaci su tuƙa ƙananan kwale-kwale a tafkin Loch Lomond. Yanzu sun shirya hawan dutsen Ben Nevis a hutun Disamba, sun ce in bi su. Ina da sha'awa ƙwarai domin zaman ɗaki ya ishe ni, sai dai ban taɓa hawan dutsen da ya wuce Dala ba, ban iya iyo ba, kuma ban gaya wa mahaifiyata ba saboda na san hankalinta zai tashi. In je, ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sha'awarka ba ta da laifi, domin ɗalibin da ya kulle kansa a ɗaki tsawon hunturun Sikotlan, daga aji sai gado, yakan gamu da kaɗaici da damuwar da za su taɓa karatun da ya je yi. Ka fita, ka hau duwatsu. Amma tafiyar nan ta Disamba, shawarata ka ba abokanka haƙuri.

Ben Nevis shi ne dutse mafi tsawo a Birtaniya, tsayinsa mita 1,345, kuma wannan adadi ne ke yaudarar baƙi, tunda dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba ya kai mita 2,419. Sai dai mai hawan Ben Nevis yana farawa ne daga kusa da garin Fort William, kusan daidai da fuskar teku, saboda haka duk tsayin nan da ƙafarsa zai haye shi. Hanyar da aka fi bi ta kai kimanin kilomita 16 zuwa da dawowa, kuma ko a lokacin zafi takan ci awa 7 zuwa 9. To, a ƙarshen Disamba rana na fitowa a can wajen ƙarfe tara na safe, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, wato hasken da ake samu bai cika awa bakwai ba. Sabon shiga, wanda dole ya riƙa tsayawa yana hutawa, a cikin duhu zai sauko.

Abin da ya fi duhun haɗari shi ne saman dutsen. Matsakaicin zafinsa a tsawon shekara bai wuce sifili a ma'aunin Salshiyos ba, kuma da hunturu dusar ƙanƙara na binne hanyar gaba ɗaya. Saman shimfiɗaɗɗe ne, amma ta arewa ya yanke da gangara mai zurfin ɗaruruwan mitoci, iska kuma takan tara dusar ƙanƙara ta miƙo a bakin gangaren, mutum ya taka yana zaton ƙasa ce alhali babu komai a ƙarƙashi. Idan hazo ya sauko, sama da ƙasa su zama fari fat, ko wanda ke gabanka ba ka gani. Masu hawa a wannan lokaci suna ɗaura ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma, suna riƙe gatarin ƙanƙara, kuma sun iya aiki da taswira da kamfas, domin batirin waya kan mutu da wuri cikin sanyi. Ka tambayi abokanka ko a cikinsu akwai wanda ya koyi amfani da waɗannan kaya. Idan amsarsu ita ce sun ga hotunan hanyar a intanet, to su ma suna bukatar wannan shawara.

Sanyin da ka sani a Kano busasshe ne, rigar sanyi da shayi sun wadatar. Na can kuwa jiƙaƙƙe ne mai tafe da iska, kuma wandon jins da rigar auduga idan suka jiƙe sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ana sa tufafin ulu ko na zaren roba hawa-hawa, a ɗora rigar ruwa a sama. Idan ka ga abokin tafiya yana karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe ko yana maganar da ba ta kan hanya, sanyi ya shige shi ke nan, kuma shi kansa ba zai gane halin da yake ciki ba.

Hanyar da ta dace ita ce ka shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'arku, domin irin waɗannan ƙungiyoyi sun saba da sababbin shiga, kuma galibi suna ba da aron kaya. Ka fara da tudun Conic Hill da ke Balmaha a bakin Loch Lomond, mita 361, wanda ake gamawa cikin ƴan awoyi. Idan sanyi ya ja baya sai ka gwada Ben Lomond, mita 974, sannan ka tunkari Ben Nevis tsakanin Yuni da Satumba. Kafin kowace fita ka duba hasashen yanayin duwatsu na MWIS, ba na cikin gari ba, ka kuma bar wa wani bayanin inda ka nufa da lokacin da ya kamata ka dawo. Idan wani abu ya faru, ka kira 999, ka nemi ƴan sanda, ka ce kana bukatar masu ceto a dutse. Ƴan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi.

Batun ruwa ya fi damuna. Loch Lomond na da zurfin kusan mita 190, a wurare da yawa ƙasan yakan yanke kwatsam ƴan taku kaɗan daga gaɓa, kuma ruwan na da sanyi ko a tsakiyar lokacin zafi. Wanda ya faɗa ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 yakan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, kuma wannan kan halaka har gwanayen iyo. Shi ya sa ƙungiyar ceto ta RNLI ke cewa mutum ya kwanta rigingine a kan ruwan, ya buɗe hannuwa da ƙafafu har numfashinsa ya daidaita. Ka koyi iyo a wurin wankan jami'a tukuna, kuma kada ka shiga kwale-kwale ba rigar ceto, ko da kowa zai yi maka dariya.

Akwai abin da abokanka Turawa ba za su tuna maka ba, wato rukunin jininka. Kusan ɗaya cikin huɗu na ƴan Najeriya na ɗauke da AS, wato sun gaji ƙwayar sikila guda ɗaya amma ba su da cutar. Yawancinsu na wasanni lafiya ƙalau, amma wahala mai tsanani da ƙishirwa da hawa duwatsu masu tsayi sosai na iya jawo musu matsala, mai sikila kuwa sanyi kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwo. Tunda ka biya kuɗin kiwon lafiya lokacin neman biza, ka yi rajista da likitan unguwarku ka tattauna da shi. Idan kuma wata rana aka ja ka zamiyar ƙanƙara a duwatsun Faransa, ka karanta takardar inshorar tafiyarka da kyau, domin da yawa ba sa biyan raunin irin waɗannan wasanni, balle kuɗin ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu.

Mahaifiyarka kuwa, kada ka bari ta fara ganin hotonka a kan dutse a wayar wani. Ka kira Hajiya bayan ka shiga ƙungiyar, ka gaya mata da wa za ka tafi, wane ne jagora, da ƙarfe nawa za ku dawo, ka nemi addu'arta. Idan ta amince da dutse ta hana ruwa, ka bar ruwan har ka iya iyo, sannan ka sake tuntuɓarta.